Aikin Ido da Leza ga Alpaka: Tambayoyin da Masu Kiwo Suka Fi Yi

Duk mai kiwon alpaka, dabbar nan mai yawan gashi dangin raƙumi, da idon dabbarsa ya taɓa samun matsala ya san yadda hankali ke tashi, ballantana ace likita ya duba ya ce "ƙila fa sai an yi mata da leza". Daga nan tambayoyi ke fara zuwa, wasu a gaban likitan wasu sai an koma gida an zauna. Ga waɗanda aka fi yi nan da amsoshinsu. Amma tun daga farko gara in faɗi inda na tsaya: leza, wato hasken da ake tiyata da shi, kayan aiki ne mai kyau sosai, sai dai ciwukan ido ƙalilan take wa amfani, yawancin idon alpaka da ake cetowa da ɗigon magani da saurin kai ta wajen likita ake ceto shi.

Wai me ya sa idon alpaka yake saurin samun matsala haka?

Halittarsa ce. Alpaka dangin raƙumi ce, asalinta tsaunukan Andes a Kudancin Amurka, Peru da Bolibiya da Chile da wajajen nan, har yau kuma Peru ce ta fi kowa yawansu. Idonta babba ne idan ka kwatanta da girman kanta, kuma ya ɗan turo waje a gefen fuska, wannan ya sa take hango abin da ke zuwa ta kusan kowane ɓangare, amma shi ne kuma ya sa tsinken busasshiyar ciyawa ko ƙaya ko bakin waya ke saurin samunsa. Idan ta cusa kai cikin tarin ciyawa tana neman mai daɗin, ido ne a gaba.

Akwai wasu abubuwa a idon nata da in baka saba ba sai ka ɗauka ciwo ne. Ƙofar da haske ke shiga a kwance take ba zagaye ba, sannan a bakinta sama da ƙasa akwai wani baƙin nama mai ninki-ninki da ke tare mata hasken rana, wannan lafiya ne haka Allah ya yi ta. Kuma gilashin gaban idon, wato koniya, yana saurin yin fari ko shuɗi-shuɗi da zarar an taɓa shi, ƙaramin rauni sai kaga ido duk ya yi hazo.

Ita leza ɗin yanka take yi ko ƙonawa?

Duka biyun, ya danganta da irinta da yadda aka saita ta. Haske ne kala ɗaya tak da aka tattara wuri guda, inda ya sauka sai naman wurin ya sha shi ya koma zafi. In zafin ya yi yawa cikin ƙiftawar ido naman tururi yake zama ya tashi, sai ya zama kamar an yanka, in kuma a hankali aka saki zafin to dafa naman yake yi ya mutu a inda yake. Theodore Maiman ne ya fara kunna leza a 1960, ita kuma mai aiki da iskar kabon dayoksaid Kumar Patel ne ya ƙirƙiro ta a 1964, kaga ba sabon abu bane, shigowarta asibitin dabbobi ne ya ɗau lokaci.

To iri nawa ake amfani da su a ido?

Uku za ka fi ji. Ta farko ita ce CO2, tsawon zangon haskenta nanomita 10,600, ruwa ne ke shanye ta, tunda kuwa nama kusan duk ruwa ne to a saman fata take tsayawa ba ta nutsawa ciki. Da ita ake aikin fatar ido da abin da ke waje, tana yanka tana toshe ƙananan jijiyoyin jini lokaci guda shi yasa jini baya zuba sosai.

Ta biyu dayod, yawanci nanomita 810. Ita baƙin launin da ke cikin nama take nema, tana iya ratsa farin ido ta wuce bata yi masa ɓarna sosai ba sai ta tarar da nama mai duhu a ciki sannan ta sauke zafinta. Ita ce ta aikin cikin ido. Ta uku Nd:YAG mai nanomita 1,064, ana tsinka siraran yana-yana a cikin ido da ita, ba kowane asibiti ke da ita ba.

Don haka in an ce maka "za a yi da leza" ka tambaya wacce, domin amsar kaɗai za ta nuna maka ko aikin waje ne ko na ciki.

An ce alpakata tana da hawan jinin ido, gilakoma. Yaya leza ke shiga nan?

Nan ne leza ta fi suna, bari in ɗan tsaya. A cikin ido akwai wani ruwa garai-garai da ake samarwa kullum kuma yake fita kullum, ba hawaye bane, shi ciki yake. Ka ɗauke shi kamar famfo a buɗe da magudana a ƙasa, in magudanar ta toshe famfo kuma bai daina zuba ba dole wurin ya cika ya yi tauri. Wannan matsin shi ke danne jijiyar gani har ta mutu, kuma da zafi sosai, dabbar ba za ta yi kuka ba amma za ka ga ta rage ci tana ware kanta tana ƙyafta ido.

Wurin da ke samar da ruwan wani zoben nama ne mai duhu a bayan baƙin ido. Abin da likita ke yi shi ne ya ɗora kan na'urar dayod a kan farin idon, 'yan milimita kaɗan daga inda fari ya haɗu da baƙi, ya taka feda, haske ya ratsa ya dafa ɗan wuri a wannan zoben, ya ɗaga ya matsa gaba kaɗan ya sake, haka haka ɗigo bayan ɗigo yana zagaya idon. Gefe biyu na dama da hagu ana tsallake su saboda manyan jijiyoyin jini da ke wucewa ta nan. Ba duka zoben ake kashewa ba, wani ɓangare ne kawai, don a rage ruwan ba a ƙafar da shi gaba ɗaya ba. Akwai kuma wata hanyar da ake shigar da siririyar kyamara cikin idon a ga wurin ƙuru-ƙuru a harba, ta fi daidaito amma dole sai an buɗe idon.

Sai dai a alpaka gilakoma ba ciwo bane da ake yawan gani, kuma in ya zo yawanci wani abu ne ya jawo shi, kumburin cikin ido da ya daɗe ko bugu ko madubin cikin ido mai tattara haske da ya goce daga mazauninsa. In ba a kashe wutar kumburin ba aka je aka harba leza, ita kanta leza kumburi take ƙarawa. Shi yasa likitan kirki zai fara da ɗigo irin su dozolamaid da timolol da maganin kumburi, ya riƙa auna matsin da ɗan abin awonsa, sai ya ga magani ya gaza sannan a yi zancen leza. Kuma ƙarfin hasken da yawan wuraren da ake harbawa, daga abin da aka sani a doki da kare ake ɗaukowa a daidaita shi da girman idon alpaka, wannan ma dalili ne da ya sa ba aikin kowa bane.

Za ta dawo tana gani bayan an yi?

In jijiyar gani ta riga ta mutu, a'a. Babu lezar da ke tayar da ita. Abin da aikin ke yi shi ne ya tsare ganin da ya rage ya kuma sauke zafi. Matsi mai tsanani yana iya gama ido cikin kwana ɗaya ko biyu, don haka idon da ya yi makonni a kumbure har ya fi ɗan'uwansa girma, maganar gani ta wuce, maganar sauƙin ciwo ake. Kuma ko an yi nasara ba a cika yar da ɗigon magani ba, wani lokacin ma matsin na dawowa bayan watanni a sake yi.

Ɗan alpakata an haife shi da yanar ido. Ba da leza ake cirewa ba?

Mutane da yawa haka suka ɗauka amma ba haka bane. Yanar ido madubin cikin ido ne ya yi fari, kuma abin da ake cire shi da shi wani siririn bututu ne mai karkarwa da sautin da kunne baya ji, yana farfasa madubin yana zuƙe shi ta ƙaramar ƙofa. Charles Kelman ne ya kawo wannan hanyar a 1967, ita ake yi wa mutane da karnuka da dawaki, kuma ana yi wa alpaka. Inda leza ke iya shigowa shi ne daga baya, in jakar da madubin yake ciki ta yi hazo. Yanar da aka haifi ɗa da ita na cikin matsalolin ido da aka sani a alpaka da 'yar'uwarta lama, kuma tunda ana zargin gado a ciki, ni dai ban goyi bayan a ci gaba da haɗa iyayen da suka haifo shi ba, shi ma kar a sa shi barbara.

Irin wadda ake wa mutane su daina sa tabarau fa?

Ba a yi wa alpaka ita, bata da buƙatarta.

Ido na hawaye, ta rufe shi, ya yi fari. Leza za ta gyara?

Wannan shi ne abin da aka fi kawowa, kuma mafi yawan lokaci miki ne a gilashin ido, tsinke ya karce ko ƙwayar ciyawa ta maƙale a ƙarƙashin fatar ido tana gogawa duk ƙiftawa. Leza bata da aiki a nan. Likita zai ɗiga maganin kashe zafi, ya taɓa idon da wata 'yar takarda mai launin ruwan lemo, ya wanke, sannan ya haska shuɗiyar fitila. Inda fata ta saluɓe sai kaga ya ɗau kore shar yana ƙyalli, wani ɗan ɗigo ne wani kuma faffaɗa har rabin idon. Daga nan zai juya fatar ido ta sama da ta ƙasa, ya ɗago fata ta ukun nan da ke kusurwar ido ya leƙa bayanta, sau da yawa a nan ake zaro ɗan tsinken da ya haddasa komai.

Maganinsa ɗigon kashe ƙwayoyin cuta ne akai-akai, da aturofin don ya saki ƙofar ido ya rage raɗaɗi, da maganin ciwo. In mikin ya fara narkewa, wato ƙwayoyin cuta na cin gilashin yana laushi, ana iya ɗiban jinin dabbar a tace ruwansa a riƙa ɗigawa, in kuma ya yi zurfi sai a ɗinka masa faci da jan naman gefen ido. Miki mai narkewa yana iya huda ido cikin kwana biyu, don Allah kar a ce bari a gani zuwa mako.

Akwai wani ƙari a fatar idonta, kullum girma yake. Nan fa?

Nan kam CO2 na da amfani na gaske. Ƙari a fatar ido ko fata ta uku ko bakin gilashin ido, musamman a dabba mai farar fata marar launi wadda rana ke duka, ana tsoron kar ya zama sankarar fata irin wadda aka fi sani a shanu da dawaki masu farin gefen ido. A alpaka bata kai yawan nasu ba amma ana samu. Tana farawa kamar ɗan ɓawo ko jan tabo da ya ƙi warkewa, ya yi ɓawo ya faɗi ya sake.

Yadda ya kamata a yi shi ne a fara yanke ƙarin da wuƙa a ajiye a kwalba a aika ɗakin gwaji, sannan a bi gurbin da leza a ƙone abin da ido baya gani. Ka lura da wannan da kyau, domin in aka ƙone shi duka da leza tun farko to hayaƙi ya zama, babu abin da za a duba, ba za ka taɓa sanin ko sankara ce ko ba ita ba, ba kuma za ka san ko an cire ta har saiwa ba. Ka tambaya tun kafin a shiga: za a aika gwaji? Fatar ido kuma ba wurin da ake yanka da yawa bane, in bakinta ya karkace bayan warkewa gashi ya riƙa shiga ido an sayo wata sabuwar matsalar. Sannan irin wannan ƙari yana iya dawowa, sai an riƙa duba wurin duk bayan 'yan watanni, a kuma sama mata inuwa.

Likita ya ce wata ƙullutuwa ce mai ruwa a cikin baƙin idon. Dole a taɓa ta?

Ba dole ba. Wata 'yar jaka ce mai duhu cike da ruwa da kan fito a bakin ƙofar ido, ba sankara bace, in ƙarama ce bata tare komai ƙyale ta ake yi. Sai in ta yi girman da take rufe gani, dabbar ta riƙa firgita ko kaɗa kai a cikin rana, sannan a yi mata dayod. Aikin gajere ne ba yanka, ta cikin gilashin ido ake auna ta a harba kaɗan-kaɗan, kana kallo za ka ga ta motse ta saɓe. A dawaki an saba yin wannan sosai. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a yi sikanin a tabbatar ruwa ne a ciki ba tsoka ba, domin ƙari mai baƙin launi yana iya kama da ita a ido.

Tawa fara ce mai shuɗin ido, akwai bambanci?

Akwai. Dayod baƙin launi take bi, idon da launinsa ya yi ƙaranci ba ya shan hasken yadda mai duhu ke sha, sai sakamakon ya yi wuyar hasashe. Sannan fararen alpaka masu shuɗin ido da yawansu kurame ne, ba duka ba amma da yawa. Wadda bata ji, da ido take rayuwa, shi take bin garke da shi, don haka nata idon ya fi na kowa tsada kuma in an rufe mata ɗaya bayan aiki sai an bi ta a hankali, a riƙa zuwa mata ta ɓangaren da take gani.

Sai an yi mata allurar barci? Ni ita nake tsoro.

Kana da gaskiya, sau da yawa barcin ya fi lezar kanta haɗari. Wasu ƙananan ayyuka ana yin su da allurar kwantar da hankali da ta kashe wurin, tana durƙushe a kan ƙirjinta, amma aikin da motsi ɗaya zai iya ɓata ido dole a kwantar da ita gaba ɗaya a zura mata bututu a maƙogwaro.

Matsalar ita ce alpaka mai tuƙa ce, cikinta ɗaki uku ne kuma na farkon kullum da abinci da ruwa a ciki. In ta yi barci abin cikin na iya kwararowa baya, in ya bi ta huhu to ciwon huhu mai tsanani ne, yana kisa. Shi yasa ake hana babba abinci yawanci awa 12 zuwa 18 kafin aiki, ruwa kuma a ɗauke na ɗan lokacin da bai kai haka ba, ka bi abin da likitan ya rubuta maka daidai, kar tausayi ya sa ka miƙa mata ko da tafin ciyawa da asuba. Jariri mai shan nono shi ba a hana shi haka, sukarin jininsa faɗuwa yake yi.

Wajen farfaɗowa ma akwai lura. Alpaka ta hanci take numfashi, bata iya dogara da baki, kuma bayan ta daɗe a kwance cikin hancin kan kumbura. Don haka ana jingine ta a kan ƙirjinta, wani ya riƙe mata kai da dogon wuyan nan kar ya lanƙwashe ko ta buga shi da bango, ba a zare bututun sai an ga tana haɗiya tana tauna da kanta. Ka tambayi asibitin ko sun saba sa wa alpaka ko lama barci, wannan tambayar bata da kunya, wanda ya saba ma daɗinta zai ji.

Tana da ciki. A yi ko a jira?

Ka faɗa wa likita tun a bakin ƙofa, ko da zato kake ba tabbas ba. Cikin alpaka wata goma sha ɗaya ne da 'yan kwanaki, kenan macen da ke haihuwa kusan kullum da ciki take. Babban abin tsoro magungunan sitiyarod ne, waɗanda aka saba bayarwa bayan aikin ido don sauke kumburi. A alpaka suna jawo ɓari, ba allura kaɗai ba, har wanda ake ɗigawa ko shafawa a ido an ga ya zubar da ciki. Akwai wasu magungunan kumburi da ake musanya su da su. In aikin na iya jira kamar ƙullutuwar ruwa ko ƙaramin ƙari marar sauri, a bari ta haihu, in kuma ido na cikin haɗari to a zauna a auna.

Har ila yau sitiyarod ɗin nan a kan miki guba ne, yana hana warkewa ya ba ƙwayoyin cuta dama, kuma da yawan man ido da ɗigon da ake sayarwa a haɗe suke da shi. Ragowar maganin da aka ba wata dabba bara, kar ka ɗauko ka sa wa wannan, ka nuna wa likita kwalbar tukuna.

Jaririn tun haihuwa ido ɗaya na zubar hawaye da kwantsa, amma idon garau yake.

Wannan na iya zama hanyar hawaye ce bata buɗe ba. Akwai siririyar hanya daga kusurwar ido zuwa cikin hanci, a 'ya'yan alpaka akan haifi wasu ƙarshenta na hanci a rufe, sai hawayen ya rasa mafita ya gangaro ta kumatu, gashin wurin ya jiƙe ya daskare. Ana zura ɗan bututu a bi hanyar a huda inda ta toshe, sannan a bar bututun na wasu makonni don kar ta sake haɗewa. Hudawar da wuƙa ma ana yi, abin da ke sa aikin ya ɗore shi ne bututun ya zauna har wurin ya warke.

Mene ne zai iya lalacewa a aikin leza?

Ba ƙaramin abu bane, gara ka sani. A aikin gilakoma matsin na iya ƙara hawa a awannin farko kafin ya sauka, shi yasa ake riƙe dabbar a riƙa aunawa. Kumburin ciki, jini a cikin ido, miki a gilashi, yanar ido daga baya, labulen bayan ido mai karɓar haske ya ɓalle, duk suna yiwuwa. In aka wuce gona da iri ruwan ya ƙafe, idon ya motse ya shige ciki ya mutu. A aikin waje kuma hasken da ya goce zai iya ƙona gilashin ido, shi yasa ake rufe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle ko kariya. Ga gobara, leza da iskar oksijin da sifirit da gashi mai yawa ba sa haɗuwa. Mutanen ɗakin ma kowa da tabarau na musamman wanda ya dace da irin lezar, da na'urar zuƙe hayaƙi. In an hana ka shiga ba wulaƙanci bane.

Ni ina da ƙaramar leza ta gasa jiki a gida, in haska mata?

Kul. Waccan ta tsoka da gaɓoɓi ce, ba ita ake aikin ido da ita ba, kuma in ta shiga ido madubin ciki tattara hasken yake yi a kan labulen baya ya ƙona shi.

Yaya jinyar take bayan an dawo gida?

Nan ne aikinka kai, kuma nan ne aiki mai kyau ke lalacewa. Za a ba ka ɗigo wataƙila kala biyu ko uku, sau huɗu ko shida ko fiye a rana a farko. Ka bar minti biyar tsakanin wani da wani don kar na biyu ya wanke na farko, in akwai mai kauri kamar man shafawa shi ne na ƙarshe. Kar bakin kwalbar ya taɓa idon. Kwana biyu za ta haƙura, a na uku ta gane ka, tana hango kwalba za ta kwantar da kunne ta ɗaga haɓa ta fara shirin tofi. In abin ya gagara akwai wani siririn bututu da likita ke dasawa ta fatar ido ya bi da shi bayan wuya, kai daga can kake tura maganin da sirinji baka taɓa fuskar ba, ka nemi a sa mata tun tana barci in ka san mai gardama ce.

Ka ajiye ta a inuwa, musamman in an sa mata aturofin, domin ƙofar idon a wangale take rana na damunta. Ciyawa a ƙasa, ba a rataye sama da kanta ba inda ƙura da tsinke za su zubo mata. Hular raga ta ƙuda na taimakawa. Ragama kuma ta zauna can sama kusa da ido a kan ƙashi, ƙashin hancin alpaka gajere ne, in ta zame ƙasa toshe mata numfashi take yi. Kar ka kulle ta ita kaɗai, dabbar garke ce, kaɗaici na hana ta ci kuma damuwa na jawo mata gyambon ciki, ka sa mata 'yar'uwa mai sanyin hali. Kullum ka duba tana ci, tana tuƙa, tana kashi? In ta daina ɗaya daga ciki, ko ta sake matse idon bayan ta fara buɗewa, kira likita ranar.

Wane irin likita zan nema?

Likitan dabbobi da ya ƙware a ido. A Amurka ƙungiyar ACVO ce ke tantance su, a Turai ECVO, kuma asibitocin koyarwa na jami'o'i su suka fi haɗa abu biyun da kake buƙata wuri guda, mai ilimin ido da mai iya sa wa dabba mai tuƙa barci. Mallakar na'ura kaɗai bata isa ba. Likitanka na kullum shi zai fara gani ya tura ka, kuma shi za ka ci gaba da komawa wajensa, don haka kar ka tsallake shi.

In an ce a cire idon fa? Ba zalunci bane?

Ni ban ɗauke shi zalunci ba sam. Idon da ya makance yana kuma ciwo dare da rana ba abin da yake wa dabbar sai azaba, mu ne muke jin nauyin ganin gurbin, ita sauƙi take samu. Aiki ɗaya ne, a ɗinke fatar, bayan kamar mako biyu a cire zare, gashi ya rufe wurin, babu sauran ɗigo. Alpaka mai ido ɗaya tana kiwo tana haihuwa tana bin garke lafiya lau, sai dai ta ɗan karkata kai ta kuma so a yi mata magana kafin a zo ta makahon gefen. Idan zaɓin shi ne a yi ta maimaita leza da barci a kan idon da baya gani, ko a cire shi sau ɗaya, ni cirewar zan zaɓa mata. Idon da aka cire ma a aika gwaji, yana iya faɗin abin da zai kare ɗayan.

Yaya zan ɗauke ta zuwa asibitin?

Da abokiyar tafiya, in mai shayarwa ce da ɗanta. Alpaka da mota ta fara tafiya durƙusawa take yi ta zauna, don haka ka shimfiɗa mata abin da ba ya santsi, kar ka ɗaure kanta a jikin ƙarfe, kuma ka bar iska na shiga don zafi na kama su da wuri saboda gashin. Kar ka zuba busasshiyar ciyawa a inda iska za ta kwaso ta cikin idon. Ka tafi da duk kwalbar da ka taɓa ɗiga mata, da ranar da aka yi mata barbara ta ƙarshe, da hoton idon da ka ɗauka a waya ranar farko da kuma na yau. Sannan ka kira kafin ka taso ka ji ko so suke ta zo da yunwa, domin in sun duba sun ga sai an shiga aiki a ranar, wadda ta ci ta ƙoshi dole ta jira gobe.